Tattalin Wutar Lantarki a Ofishin Gwamnati: Yadda Za Ka Samu Haɗin Kan Ma'aikata

Ma'aikacin gwamnati a Jidda ko Makka yakan shiga ofis da ƙarfe 7:30 na safe, ya tashi 2:30 na rana, daga Lahadi zuwa Alhamis. Awa 35 ke nan, alhali mako awa 168 ne. Ko an haɗa da lokacin masu shara da na waɗanda kan tsaya bayan an tashi daga dawam, wato lokacin aiki, da wuya ginin ya yi awa 50 da mutane a cikinsa. Sauran awa ɗari da 'yan kai, kujeru da kabad-kabad ne ke shan sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda aka ɗora wa alhakin rage cin wuta a ma'aikatarsu, daga wannan lissafi ya kamata ya faro, domin mafi yawan asarar tana faruwa ne lokacin da babu mai gani.

Wannan jagora ta wanda aka kira wata rana aka ce masa “daga yau kai ne mai kula da batun wuta” ce, ba tare da an ba shi kasafi ko ikon hukunta kowa ba. 'Yan'uwanmu Hausawa da yawa suna zaune a irin wannan kujera, a baladiya (hukumar kula da gari), a makarantu, a cibiyoyin lafiya na unguwanni, a sashen gudanarwa ko na gyare-gyare. Gwamnati ta daɗe da ɗaukar batun da muhimmanci: ta kafa Cibiyar Ingancin Makamashi ta Saudiyya a 2010, sannan a 2017 Asusun Zuba Jari na Gwamnati ya kafa kamfanin Tarshid, wanda aikinsa shi ne sabunta na'urori da fitilu a gine-ginen gwamnati. Hukumomin gwamnati kuma suna biyan halala 32 a kan kowace kilowat-awa (halala 100 ne riyal ɗaya). Amma sabuwar na'ura ba ta rufe ƙofa da kanta, ba ta kuma san cewa mai ofishin ya tafi hutu ba. Wannan ɓangaren yana hannun mutane.

Kada ka fara da zaton abokan aikinka marasa kirki ne. Mutumin da ke barin mukayyif a kunne a ofis, shi ne mai bin 'ya'yansa ɗaki-ɗaki a gida yana kashe fitila. Bambancin kawai shi ne faturar gida, wato takardar kuɗin wuta, a wayarsa take sauka, ta ofis kuwa sashen kuɗi take zuwa, bai taɓa ganinta ba.

Mataki na farko: nemo fatura, ka koyi karanta mita

Je sashen kuɗi ka roƙi faturar wuta ta wata 12 da suka wuce, in da hali ta wata 24. Abin da za ka kwafa shi ne adadin kilowat-awa, ba riyal ba, saboda kuɗi kan motsa da haraji ko sauyin farashi alhali cin wutar yana nan yadda yake. Jera su wata-wata a takarda guda.

Akwai tarko a nan da ya shafe mu musamman. Kwatanta Yuli da Yuli za ka yi, Janairu da Janairu, ba Rajab da Rajab ba. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka watanninta suna zagaya zafi da sanyi, zafi kuwa shi ne ke juya mita a ƙasar nan. Sai dai ka yi alama a gefen watan da azumi ya faɗo, lokacin da dawam ke komawa awa 5, da watan da hutun salla ya faɗo. In ba haka ba za ka ga cin wuta ya sauka ka ɗauka ƙoƙarinka ne, ashe ofishin ne ya yi kwanaki a rufe.

Daga nan sai gwajin da ya fi kowane bayyana gaskiya. Ranar Alhamis da an tashi, karanta mitar ginin ka rubuta. Ranar Lahadi da safe kafin mutane su iso, sake karantawa. Tsakanin 2:30 na ranar Alhamis da 7:30 na safiyar Lahadi awa 65 ne. Raba bambancin karatun biyu da 65, abin da ya fito shi ne nauyin da ginin ke ja alhali babu kowa. A misali, in mita ta ƙaru da kilowat-awa 1,950, to kilowat 30 ake ja dare da rana a gini rufaffe. Wani ɓangare na wannan halal ne: firij na magani, ɗakin manyan kwamfutoci, kyamarorin tsaro, fitilun waje. Sauran shi ne abin farautarka. A manyan gine-gine mitar kan zo da wata lamba da ake ninka karatun da ita, don haka ka tambayi mai gyaran wuta kafin ka yi lissafi. Kamfanin wutar lantarki ya girka mitoci na zamani kusan miliyan 10 a faɗin ƙasar zuwa 2021, saboda haka mai yiwuwa ana iya ciro karatun daga asusun ma'aikatarku ba sai ka shiga ɗakin mita ba.

Mataki na biyu: zagayen bayan dawam

Nemi izini a rubuce, ka dawo da yamma wajen ƙarfe 5, ka zagaya tare da haris, wato mai gadi, da mutum ɗaya daga kamfanin gyare-gyare. Bi hawa-hawa da biro da takarda: ɗaki nawa mukayyif ke aiki, a lamba nawa aka bar shi, fitilu nawa, kwamfuta nawa, taga nawa a buɗe. Leƙa ɗakin taro, musalla, sito, ɗakin shayi da ofisoshin waɗanda suke hutu. Sake zagayen sau ɗaya ranar Asabar.

Lambar ɗaki ma kada ta fita daga takardarka, balle sunan mai ɗakin. Ranar da aka ji cewa wane yana yawo da dare yana rubuta sunayen mutane, aikinka ya ƙare tun bai fara ba. Jimilla za ka fitar: “an samu mukayyif 20 a kunne a hawa na biyu.”

Juya wannan zuwa kuɗi don kunnen manya. Mukayyif na bango mai tan ɗaya da rabi yana jan wajen kilowat ɗaya da rabi idan kwamfuresonsa, wato injin da ke haɗa sanyin, na aiki. A awa 65 na ƙarshen mako, in bai huta ba, kusan kilowat-awa 97 ne, wato riyal 31. A ce ma rabin lokacin kawai ya yi yana aiki, riyal 15. Guda 20 sun ci riyal 300 a ƙarshen mako ɗaya, ba a ma zo kan daren Lahadi zuwa Laraba ba.

Mataki na uku: fara da masu riƙe da makulli

A nan mafi yawan shirye-shirye ke kuskure hanya. Sai a tara manyan ma'aikata a ɗakin taro a nuna musu hotuna, a manta cewa wanda ke fita ƙarshe daga ginin shi ne mai shara, wanda ke kwana a ciki shi ne haris, wanda ya san wane makunni ke kashe wane layi kuma shi ne mai gyaran wuta. Waɗannan mutane uku sun fi ma'aikata ɗari tasiri a kan fatura, kuma galibi ba ma'aikatan hukumar ba ne, na kamfanin kwangila ne. Babu wanda ya taɓa zama da su a kan wannan magana.

Zauna da su, a wurinsu, ba a ofishinka ba. In haris dattijo ne, ka ba shi girmansa: “Baba, kai ka fi kowa sanin gidan nan. Me ke kwana a kunne, kuma me ya sa?” Amsar da za ka ji kusan iri ɗaya ce ko'ina: wata rana ya kashe mukayyif ɗin wani babba, da safe mutumin ya tarar da ofis kamar tanda, aka yi masa faɗa a gaban mutane. Tun daga ranar ya ɗauki darasi cewa wanda ya bar abu a kunne ba ya shan faɗa, wanda ya kashe shi ne mai laifi. Ba za ka canza wannan da wa'azi ba. Abin da yake bukata kariya ce.

Kariyar kuwa abu uku ne. Takarda mai sa hannun mudir, wato shugaban ma'aikatar, da ke cewa an umarci haris da masu shara su kashe mukayyif da fitilun duk ofishin da babu kowa bayan ƙarfe 3:30, ko lokacin da kuka tsayar. Sai jadawalin kunnawa da safe: minti 30 zuwa 45 kafin dawam ya wadatar wa yawancin ofisoshi, a tsakiyar zafi a ƙara kaɗan, musamman ranar Lahadi da bango ya kwana biyu yana tara zafi. Da zarar kowa ya tabbata zai tarar da ofishinsa da sanyi, hujjar barinsa ya kwana a kunne ta faɗi. Na uku, jan sitika a kan duk abin da ba a kashewa ko da wasa: firij na rigakafi da magani, mukayyif na ɗakin manyan kwamfutoci, famfunan kashe gobara, fitilun hanyar fita ta gaggawa, na'urorin tsaro. Abin da babu ja a jikinsa, a kashe. Ƙa'ida ce da mutum zai riƙe ko bai iya karatu ba.

Ka lura da harshe. Masu shara a ofisoshinmu da yawa 'yan Bangaladash ne, ko Indiya, ko Pakistan, ko 'yan Afirka, kuma takarda da Larabcin hukuma ba ta isar musu da komai. Nemi shugabansu ya fassara musu baki da baki, ka zagaya da su sau ɗaya kana nuna makunni da yatsa. Manna wa kowane makunni sunan layin da yake kashewa. Sau da yawa dalilin da ya sa ake kunna fitilun hawa guda gaba ɗaya don share ɗaki ɗaya shi ne babu wanda ya san wanne ne wanne a cikin makunni goma da ke jere.

In ginin naku mai sanyaya ta tsakiya ce, wadda injin guda ke tura sanyi ko'ina, to magana ta koma hannun kamfanin gyare-gyare. Tambaye su kai tsaye: ƙarfe nawa injin ke tashi, ƙarfe nawa yake tsayawa, wa ya tsara jadawalin, yaushe rabon da a duba shi? Ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa mayar da injin kan aiki ba tsayawa saboda wani taro na dare da aka yi tuntuni, aka manta ba a mayar da shi ba. Ka tabbata kuma jadawalin ya san Juma'a da Asabar ne hutu. Gyara wannan awa ɗaya yake ɗauka, kuma yakan fi duk sauran matakan riba. Idan lokacin sabunta kwangila ya zo, roƙi a sa kashe wuta bayan dawam da wanke filta cikin sharuɗɗan aikin.

Mataki na huɗu: abin da za ka nema a wurin mudir

Kada ka shiga wurinsa da dogon rahoto. Shafi ɗaya: ga abin da ginin ke ci a shekara, ga abin da yake ci alhali babu kowa, ga abin da zagaye ya nuna. Sannan ka ce, “Ranka ya daɗe, abu uku nake nema”: sa hannu a kan takardar umarni, minti biyu a taron wata-wata, da kuma ofishinsa ya zama na farko da za a saita.

Na ukun ne mai wuya, kuma shi ne mai amfani. Ma'aikata ba sa karanta sanarwa yadda suke karanta ɗabi'ar shugaba. Lokacin da Japan ta fara shirinta na Cool Biz a 2005, aka mayar da sanyin ofisoshin gwamnati digiri 28, abin da ya sa ya karɓu shi ne Firaminista Koizumi da ministocinsa sun fito bainar jama'a ba kwat ba laƙatayi. In ofishin mudir yana kan 18 yana kuma umartar mutane da 24, kowa zai sani kafin Azahar.

Mataki na biyar: rikicin mukayyif

A gine-ginen ƙasar nan sanyaya ɗaki ce ke cin fiye da rabin wuta, don haka duk shirin da ya tsaya kan ƙwan fitila ya bar jaki yana dukan taiki. Kuma a nan ne za ka sha ƙorafi. A Makka zafi kan haura digiri 45 a tsakiyar shekara. Mutumin da ya shigo daga wannan rana, ka ce masa ya yi haƙuri da zafi don a rage fatura, ba zai saurare ka ba, kuma yana da gaskiya. Don haka kada kalmar haƙuri ta fito daga bakinka. Alkawarinka shi ne ofis mai daɗin zama, ba mai daskarar da yatsu ba.

Lambar da aka fi ba da shawara a kai ita ce digiri 24, wasu su ce 23 zuwa 25. Ba mu kaɗai ba ne: Indiya ta wajabta sababbin mukayyif su fito daga masana'anta a saite kan 24 tun Janairun 2020, Sifen kuma ta kafa 27 a gine-ginen jama'a a 2022. Kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage 'yan kashi cikin ɗari na wutar sanyaya, saboda haka tazarar da ke tsakanin 18 da 24 ba ƙarama ba ce.

Akwai fahimtar da sai ka warware wa mutane da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun ɗauka in aka sa rimot a 16 ɗaki zai fi saurin yin sanyi. A mukayyif na gargajiya kwamfureso gudu ɗaya gare shi: ko yana aiki ko ya tsaya. Lambar da ka sa tana gaya masa lokacin tsayawa ne kawai. Ka sa 16, iskar da ke fitowa ba ta ƙara sanyi ba, ka dai hana shi hutu, domin a watan Agusta ɗakin ba zai taɓa kaiwa 16 ba. Shi ya sa za ka ga ma'aikaciya da rigar sanyi a kan abayarta a tsakiyar bazara, wani ma ya buɗe taga don ya sha ɗumi alhali injin na ta ruri.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a bi a hankali. Sayi ƙananan ma'aunan zafi masu araha ka ajiye a kan tebura, ba kusa da bakin mukayyif ba, don musu ya koma kan lamba maimakon “ni ina jin zafi, ke kina jin sanyi.” In ofis ya saba da 20, ɗaga zuwa 21 a wannan mako, 22 a mako na gaba, har a kai inda ake so. Jiki yana sabawa. Fara wannan a watan Nuwamba ko Maris, ba a Yuli ba.

Sannan ka ɗauki kowane ƙorafi da gaske, ka amsa shi a ranar. Wanda ya ce ofishinsa na da zafi, sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai laifin ba na lambar rimot ba ne. Ko filta ta toshe da ƙura, ko iskar gas ta ragu, ko injin waje ya cushe da datti, ko teburinsa na jikin tagar yamma da rana ke duka bayan Azahar. Wanke filta duk wata a lokacin zafi, da kuma bayan kowace guguwar ƙura, aiki ne na minti goma. Labule ko takardar rage hasken rana a gilashi tana magance tagar. Wanda iska ke bugawa a ƙeya, a juya fiffiken mukayyif ko a matsar masa da tebur. Mutumin da ka gyara wa matsalarsa cikin kwana ɗaya, gobe shi ne zai kare ka a bayan idonka. Kada ka manta da sashen mata in yana ware: nemi wata daga cikinsu ta riƙe wannan aiki a can, domin ƙorafinsu ba ya saurin isowa ofishin gyare-gyare.

Ƙofar shiga ta masu zuwa neman hidima, in ana tokare ta a buɗe, daidai take da ɗiban ruwa da kwando. Sa mata abin da ke mayar da ita ta rufe da kanta.

Gari ma ya bambanta da gari. A Jidda, Yanbu da Jazan laima ta yi yawa, saboda haka ɗakin ajiyar takardu da aka kashe wa mukayyif gaba ɗaya na tsawon hutu yana iya yin fumfuna. A irin wannan ɗaki a ɗaga lambar zuwa 27 ko 28 maimakon kashewa. A Riyad da Madina iska busasshiya ce, wannan damuwa ba ta kai haka ba. A Ɗa'ifa da Abha kuwa akwai watannin da taga kaɗai ta wadatar.

Musalla tana bukatar ladabi. A dawam na yau da kullum Azahar ce sallar da ake haɗuwa a kanta, amma mukayyif ɗinta kan tashi tun safe ya kwana. Yi magana da wanda ke jan salla: a kunna rabin awa kafin kiran salla, a kashe bayan an watse, a bar rimot a inda mai son nafila zai same shi. Ɗakin taro ma haka, wanda ya kira taron shi ke da alhakin kashewa.

Mataki na shida: ƙananan kaya

A nan kada ka roƙi mutane abin da na'ura za ta iya yi da kanta. Sashen kwamfuta na iya saita dukkan kwamfutoci daga wuri ɗaya su kashe allo bayan minti 10, su yi barci bayan minti 30. Kwamfuta mai jan wat 50 da aka bari awa 133 na bayan dawam tana cin wajen riyal 2 a mako; guda ɗari, riyal 200. Ka tuntuɓe su tukuna, don wani lokaci da dare suke sabunta manhajoji. Firinta, injin kwafi, na'urar sanyaya ruwan sha da tukunyar ruwan shayi a sa musu soket mai agogo. Bayi da sito a sa fitila mai jin motsi. Akwatin fitilar rufi mai dogayen ƙwai huɗu na wat 18 yana cin wat 72, na LED mai haske daidai da shi kusan rabin haka. Duk wat ɗin da aka ƙona a cikin ɗaki zafi yake zama, mukayyif ne kuma zai kwashe shi, don haka riba biyu ce. Famfon alwala mai ɗiga ma na cikin lissafi: ruwan Jidda da Makka daga teku ake tace shi a tashoshi irin ta Shu'aiba, da makamashi mai yawa.

Mataki na bakwai: wakilai da irin maganar da za a yi

A kowane hawa nemi mutum ɗaya da ake jin maganarsa. Ba lallai mai muƙami ba. Wanda ake taruwa a ofishinsa shan gahawa ya fi. Aikinsa kaɗan ne: leƙa ɗakuna in zai fita, kawo maka ƙorafi, sanar da kai in abu ya lalace. Wanda ya karɓa da son ransa ya fi wanda aka naɗa da takarda.

Saƙo kuma ya zama aiki guda a lokaci guda. “Mu yi tattalin makamashi” ba ta gaya wa kowa abin da zai yi da hannunsa. “In za ka fita, kashe mukayyif ka ja ƙofa,” manne a jikin ƙofar daidai tsayin ido, ita ce magana. Bayan mako uku ido ya saba da takarda ya daina ganinta, sai a cire a sa wata.

Kowa a cikinmu ya taso da sanin cewa addini ya hana almubazzaranci, kuma dukiyar jama'a amana ce. Wannan ƙarfi ne da shirin ke da shi a nan fiye da wurare da yawa. Amma ra'ayina shi ne a bar wa mai jan salla ya taɓo shi a gajeriyar tunatarwa bayan Azahar, sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan kai mai kula da fatura ka riƙa jefa wa abokin aikinka aya saboda ya manta fitila, ya ji kamar kana tuhumar imaninsa, sai ya ƙulle.

Mataki na takwas: nuna musu sakamako

Gani ya kori ji. Duk farkon wata manna takarda ɗaya kusa da na'urar sa hannun shiga aiki, inda kowa ke tsayawa: ga abin da muka ci a watan jiya, ga na irin watan a bara, ga bambanci a riyal. Tura hoton a zauren WhatsApp na ma'aikata. In lambar ta hau, a faɗa, a kuma faɗi dalili in an sani. Mutane suna gane allon da ba ya kawo sai labari mai daɗi.

Kwatance tsakanin sassa yana motsa mutane, amma da sharaɗi. Wani bincike da aka yi a kan gidaje a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa da aka gaya wa mutane matsakaicin abin da maƙwabtansu ke ci, masu ci da yawa sun rage, amma masu ci kaɗan sai suka ƙara. Da aka haɗa musu da 'yar alamar yabo, sai suka tsaya a kan ƙoƙarinsu. Darasin a ofis shi ne sashen da ya yi kyau a yaba masa a fili, kada a bar shi da lamba kawai. In babu mita a kowane hawa, kada ka ƙirƙiri gasar kilowat, rigima za ta haifar. Yi amfani da sakamakon zagayen bayan dawam: hawa na ɗaya an samu abu 3 a kunne, hawa na biyu 11.

Lada ba sai ta kuɗi ba, kuma a aikin gwamnati ba ka da ikon raba abin da aka tsimi. Takardar godiya mai sa hannun mudir tana da daraja a fayil ɗin ma'aikaci. Karin kumallo na ful da tamis ga hawan da ya yi fice yana sa a yi ta zancen har mako. Ka tabbata haris da masu shara suna cikin waɗanda za a kira a gode wa da sunansu a gaban jama'a, tare da wasiƙa zuwa kamfaninsu.

Mataki na tara: dogon hutu, da iyakar abin da ɗabi'a za ta iya

Hutun ƙaramar salla da na babbar salla su ne damar da ta fi girma a shekara, sai Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu in sun haɗu da ƙarshen mako. Ba a fafe gora ranar tafiya: mako guda kafin hutu a fitar da jerin abin da za a kashe, a kwashe abinci daga firij na ɗakin shayi a haɗa a guda ɗaya, a tsayar da wanda zai yi zagayen ƙarshe da wanda zai kunna kwana ɗaya kafin a dawo. Ofisoshin da ke aikin alhazai a Makka da Madina lissafinsu daban ne, lokacin ne ma aikinsu ke ninkuwa. Su sai su tattara ma'aikatan da ke bakin aiki a hawa ɗaya maimakon a sanyaya gini guda saboda mutum biyar. Da azumi ya kama a gyara jadawalin injin ya bi sabon dawam, a kuma rubuta ranar mayar da shi.

Bayan wata shida sake gwajin Alhamis zuwa Lahadi ka kwatanta da na farko. In nauyin dare ya sauka amma cin wutar rana yana nan, to ka kai iyakar abin da ɗabi'ar mutane za ta iya, saura na injuna ne: tsofaffin mukayyif na taga, rufin da ba shi da abin tare zafi, injin tsakiya da ya tsufa. Wannan lokacin ne za ka rubuta wa mudir shawarar a nemi binciken makamashi na ƙwararru ko a tuntuɓi Tarshid, ka haɗa da takardun karatun mita da ka tara. Ka kuma roƙi sashen sayayya kada ya ƙara sayen mukayyif sai ya duba takardar ingancin makamashi ta SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, da ke manne a jikinsa, ya zaɓi wanda ke ɓangaren kore. Jadawali, jerin kayan jan sitika da takardar umarnin mudir kuwa, a ajiye kwafinsu a ɗakin haris da ofishin gyare-gyare, domin kamfanin kwangila yakan canza, sababbin masu shara kuma za su zo ba su san komai a kai ba.